Farin da Ya Kama Ƙofar Zuciyar Baba

Bara'atu ta shekara shida tana ɗaukar hoton zuciya a babban asibitin Birnin Kudu. Ma'aikaciyar jinya ce tun asali, daga baya aka tura ta Kano ta koyo aiki da na'urar, da ta dawo aka ba ta wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda mai gado ɗaya da koren labule. Su biyu ne a ɗakin, ita da Malam Rilwanu. Shi yana duba maza, ita mata, sai in aiki ya cakuɗe. Mutum zai kwanta ta gefen hagu, a shafa masa mai a ƙirji, a ɗora kan na'urar, sai ga zuciyarsa a allo tana buɗewa tana rufewa. Tsofaffi da yawa in sun gani sai su kama salati. Ita kam ta saba.

Wata Talata cikin damina, ana tsakiyar maimai, ƙanenta Hadi ya kira ta. Hadi direba ne, yana jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kuma shi kaɗai ne cikin 'ya'yan gidan yake zaune kusa da iyayensu a Kwandiko.

"Yaya, Baba fa jiya sau biyu yana zama a gona. Sai ya ajiye fartanya ya dafe ƙirji, gumi yana ta zubo masa. In ya huta kuma ya miƙe kamar ba shi ba."

"Tun yaushe yake yi?"

"Inna ta ce tun kafin babbar salla. Shi ya ce olsa ce, yana ta shan farin maganin nan na kemis."

"Ka kawo shi gobe. In ya ƙi, ka ce ni ce nake roƙonsa."

Malam Ishiyaku yana da shekara sittin da takwas, dogo ne marar jiki, bai taɓa kwana a asibiti ba. An gano yana da ciwon suga shekara biyar da suka wuce, yana shan magani in ya tuna. A Kwandiko in aka yi rasuwar namiji shi ake fara aikawa, shi yake wanka, shi yake suturtawa, kuma ba ya barin gaban makara ga kowa. Bara'atu ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba. Tun da ta gama makarantar jinya ya sami sauƙi, yake ce mata Nas.

Ya zo da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, yana ta ba mutane haƙurin tayar musu da hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Likita Ismail, wanda yake duba masu ciwon zuciya, ya tambaye shi yadda ciwon yake zuwa. Ya ce kamar a ɗora masa buhu a ƙirji ne, wani lokacin ya sauka har kafaɗar hagu da haɓa. Likitan ya daɗe yana sauraron ƙirjin, sannan ya ɗago ya dubi Bara'atu.

"Akwai 'yar ƙara da nake ji. A ɗauki hoto yau."

"Malam Rilwanu yana hutu, Likita. Sai nan da kwana goma."

"Ba na so a jira kwana goma, Sista. Ki yi."

Haka ta ja labule a kan mahaifinta. Ya cire riga da 'yar ciki ya ninke su ya ajiye, ya kwanta yana kallon bango. Rabonta da ganin ƙirjinsa tun tana yarinya tana kai masa fura gona. Gashin ya yi fari, haƙarƙari duk a waje. Ta ce, "Baba, ka ɗan ƙara juyawa ta hagu." Ya ce, "To, Nas."

Zuciyar tana bugawa da ƙarfinta, wannan ya ɗan kwantar mata da hankali. Ta karkata hannu ta nemo ƙofar da jini yake fita ta cikinta zuwa sauran jiki. A mai lafiya ƙofar nan 'yan fatu ne guda uku sirara, toka-toka, suna kaɗawa a allo kamar ganye. Nasa sun yi kauri, bakinsu fari tas yana ƙyalli. Ta matsa zuwa ƙofa ta biyu, wadda take tsakanin ɗakunan zuciya na hagu. Zoben da ya kewaye ta shi ma fari ne, kamar an bi shi da alli.

Hannunta ya tsaya cak.

Shekara biyu ke nan Likita Ismail ya sa ta riƙe wani littafi don wani bincike da yake yi. Duk mai ciwon ƙirjin da aka ga farin nan a ƙofar zuciyarsa, in aka tura shi Kano aka duba jijiyoyin da suke ba zuciyar jini, sai ta rubuta sakamakon a gefen sunansa. Yanzu ba ta buƙatar buɗe littafin. Masu fari kaɗan a wuri ɗaya, wasu sukan dawo da jijiya ɗaya a toshe, wasu ma babu komai. Masu fari mai kauri a wuri biyu kuwa, da wuya a sami wanda ya dawo da labari mai daɗi. Ta tuna Alhaji Hambali mai shagon taki, ta tuna wata tsohuwa Zahara'u daga Kiyako da take kawo mata gyaɗa. Su ma irin wannan farin ta gani a zuciyarsu.

"Me kika gani?" in ji Malam Ishiyaku, har yanzu fuskarsa tana bango.

"Likita zai yi maka bayani, Baba."

"Ke ba ki iya ba?"

"Ba aikina ba ne."

Ta gama awon da ya rage, ta miƙa masa tsumma ya goge man, ta fita ta bar shi ya sa riga.

Likita Ismail ya zaunar da shi ya jawo kujera kusa. "Baba, ka san butar da ake yawan tafasa ruwan rijiya a ciki, yadda wani fari yake kama cikinta ya yi tauri? Irinsa ne ya kama ƙofofi biyu na zuciyarka. Har yanzu suna buɗewa yadda ya isa, ba su ne suke sa ka ciwo ba. Abin da ya dame ni shi ne, abin da yake kama ƙofa shi ne dai yake kama jijiyoyin da suke ba zuciyar kanta jini. Su ba ma iya ganinsu da na'urarmu. Amma in muka ga ƙofa ta yi haka, mukan ji tsoron jijiyoyin sun matse sosai. Shi ya sa in ka yi aiki zuciyar take neman jini ba ta samu, sai ciwon ya taso."

"To a ba ni maganin da zai wanke shi."

"Babu maganin da yake wanke shi. Akwai wanda zai hana shi saurin ƙaruwa, da wanda zai sa jini ya tsinke, da wanda zai rage wa zuciyar wahala. Zan rubuta su yau. Amma sai ka je Kano an leƙa jijiyoyin, don a san ko za a iya buɗe su."

Malam Ishiyaku ya gyara hula. "Madalla. Bayan girbi, in Allah ya kai mu."

Da suka fito baranda Bara'atu ta bi likitan. "Manyan jijiyoyin duka ukun ne suka matse ko, Likita?"

"Ba mu gani ba tukuna. Alama ce kawai, kin sani. Akwai waɗanda suka ba mu mamaki."

"Littafin a hannuna yake."

Ya taɓa aljihunsa kamar mai neman biro, ya ce ta matsa wa Baba ya je Kano da wuri.

Ranar Asabar ta bar yara wurin mijinta ta tafi Kwandiko. Da aka kira la'asar ta tsaya a bakin zaure tana kallonsa yana tafiya masallaci. Tafiyar ba ta kai ta minti biyar ba. Ya tsaya a gindin dalbejiya ya gaisa da mai gyaran keke, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar surukai. Ya ƙara gaba kaɗan ya tsaya yana duba katangar maƙwabci da ruwa ya ci. A karo na uku babu wanda zai gaisar, babu abin da zai duba, sai kawai ya tsaya ya dafa bango.

Mahaifiyarta, Inna Ma'u, tana bayanta da faranti a hannu. "Da can in ya doshi masallaci ko sallama da ƙyar yake amsawa," ta ce, ta koma ciki.

Bayan salla Bara'atu ta durƙusa a gabansa ta roƙe shi. Ya ce gero ya fara fitar da kai, ga riɗi, wa zai bar wa? Hadi yana kan hanya kullum, sauran suna Kano da Abuja. Ta ce a sa 'yan ƙwadago. Ya ce ɗan ƙwadago bai san inda ruwa yake kwanciya a gonarsa ba. Ta ce, "Baba, abin nan ba ya jira." Ya yi murmushi ya ce tun da ya fara shan ƙwayoyin ya ji sauƙi, Allah ya yi mata albarka, ta tashi ta kama hanya kafin hadari ya haɗu. Ta dawo Birnin Kudu da kaji biyu da ya sa aka ɗaure mata.

Abin da roƙonta bai yi ba, rasuwar Malam Ahmad ta yi. Malam Ahmad aminin Baba ne tun na ƙuruciya. Baba ne ya yi masa wanka, ya sa masa likkafani, aka yi salla, ya kama gaban makara kamar yadda ya saba. Ba su yi taku talatin ba gwiwarsa ta saki. Wani ya yi maza ya sa kafaɗa a madadinsa. Ya zauna a kan wata saiwa a gefen hanya, jama'ar gari suna wuce shi suna yi masa sannu. Kafin ya lallaɓa ya isa maƙabarta har an fara mayar da ƙasa. Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya kira Hadi ya ce, "Ka gaya wa Nas ta sa rana."

Suka tafi Kano farkon watan girbin gero, Hadi yana tuƙi, Baba a gaba, ita a baya da jakar takardu. A asibitin da aka tura su, wata likita mai suna Juwairiyya ce za ta yi aikin. Da ta ji Bara'atu 'yar sana'a ce sai ta bar ta ta zauna a bayan gilashi inda allon yake. Aka zura wata siririyar roba ta jijiyar hannunsa har zuwa bakin zuciya, aka tura ruwan da yake nuna hanyar jini.

Bara'atu ta sha ganin irin wannan hoton lokacin da take koyon aiki. A mai lafiya ruwan yakan cika jijiya ta fito baƙa ƙirin, mai kauri, da rassanta. Ta Baba ta farko ta fito kamar tsohon zare, nan ya sirance, nan ya kusa tsinkewa, nan ya ɗan dawo. Aka juya na'urar. Ta biyu haka. Ta uku ruwan ya shiga kaɗan ya tsaya. Ta sami kanta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ba ta ma san wacce take yi ba.

Washegari Likita Juwairiyya ta kira ta ofis ita kaɗai, ta kunna hoton.

"Duba nan. Ba wuri ɗaya ba ne da za mu buɗe mu sa ɗan ƙarfe ya riƙe. Tun daga tushe har ƙarshe haka suke, kuma sun yi tauri kamar ƙofofin da kika gani."

"Tiyata fa? A yi wa jinin sabuwar hanya."

"Sabuwar hanya sai da lafiyayyen wurin da za a sauke ta. Ƙarshen jijiyoyin ya sirance da yawa. Ga suga ya taɓa masa ƙoda. Da safe na zauna da likitocin tiyata mun kalla tare. Suna ganin haɗarin ya fi amfanin, kuma ni ma haka nake gani."

"In aka fita da shi waje?"

"Jijiyoyin su ne dai za a tarar a can."

Bara'atu ta san duk wannan. Da wani ne yake tambaya, amsar da za ta ba shi ke nan. Duk da haka ta ci gaba da tambaya, tana kawo sunayen hanyoyin da ta karanta, likitar tana amsa mata ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙosawa ba, har tambayoyin suka ƙare.

"Yaya kike ganin lokacin?"

"Ban sani ba, wallahi. Na ga mai irin wannan da ya yi shekara uku. Na ga wanda bai yi wata uku ba."

Tare suka shiga wurinsa. Likitar ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mun duba. Ba za mu yi maka aiki ba. Magani za ka ci gaba da sha, ka rage wahala ƙwarai."

"Alhamdulillahi," in ji Malam Ishiyaku. "Ba yanka ke nan."

"Ba wai ciwon ƙarami ba ne, Baba. Jijiyoyin sun..."

"Na gode, 'yata. Allah ya saka da alheri." Ya riga ya fara laluben hularsa. "Hadi, in muka tashi yanzu ma yi la'asar a Birnin Kudu."

Kafin su isa Kwandiko labari ya riga su: likitocin Kano sun duba Malam Ishiyaku sun ce ba sai an yi aiki ba. Gida ya cika da 'yan barka. Inna Ma'u ta sa aka yanka zakara, fuskarta kamar an yi mata bushara. Mata suna shigowa ɗaki suna kama hannun Bara'atu suna cewa Allah ya ba kowa 'ya irinta. Tana amsawa da amin, tana jin kamar ta saci wani abu.

Ta sami Hadi a waje yana wanke mota, ta gaya masa gaskiya. Ya bar tsumman a kan gilashi.

"To me za mu yi, Yaya?"

"Ka tabbata yana shan magani a kan lokaci. Kada ya ɗauki kaya. Ƙaramar ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe kada ta bar aljihunsa."

"Bayan wannan fa?"

"Babu."

"Ke da kike cikin asibiti?"

"Babu, Hadi."

Ta so ta gaya wa Inna a ranar. Ta shiga ɗaki ta same ta tana raba nama a kwanuka tana lissafa gidajen da za a kai, sai ta karɓi kwano ɗaya ta taya ta.

Aka yi girbi yana zaune a kan tabarma a gindin kuka yana nuna wa mutane da sanda. Bara'atu ta samo gwangwanaye biyu ta rubuta safe da yamma da ajami don ya iya karantawa, duk Asabar ta zo ta cika su. Kullum bayan azahar sai ta kira ta tambayi sau nawa ya sa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Da farko sau ɗaya ne a mako. Zuwa lokacin kaɗe riɗi ya koma kusan kullum. Ta aika faifan hoton da aka ɗauka a Kano wurin wani likita a Legas ta hannun wata ƙawarta, ta aika wa wani a Abuja ta hannun ƙanenta na can. Duk wani baƙon likita da ya zo asibitinsu sai ta tare shi da faifan. Kowa zai kalla, ya faɗi abin da Likita Juwairiyya ta faɗa da wasu kalmomin. A wurin aiki tana yin komai daidai, amma mijinta ya lura ta daina gama abincinta.

Wata Asabar bayan an gama kai amfani rumbu ta iso ta ji murya a zaure. Ta dakata a waje. Baba ne da Hadi da wasu magidanta biyu, yana koya musu wankan gawa: inda ake farawa, yadda ake juya mutum a hankali, yadda ake rufe al'aura, abin da ba a faɗa wa kowa in an gani. Yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. Ta zagaya ta ƙofar baya ta shiga.

Da suka watse ya aika a kira ta. Ta zauna a bakin tabarma.

"Nas, kin rame."

"Aiki ne, Baba."

"Ba aiki ba ne. Ranar da kika ɗora min abin nan a ƙirji, na ji lokacin da hannunki ya tsaya. Tun ranar na sani. Zuwa Kano don ku ne."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya sauka a kan mayafinta.

"To me ya sa ka bar mutane suna barka?"

"Saboda uwarki. Kin san ta. In ta ji, ba za ta ƙara cin abinci ba, ba za ta ƙara barci ba, ta zauna ta sa min ido har ta riga ni. Ki bar ta haka."

"Baba, haƙƙinta ne ta sani."

"Na ji. Amma ni na ce ki bari."

Ba ta taɓa musa masa ba a rayuwarta, kuma ba ta san ta inda za ta fara a ranar ba.

"Me kake so in yi maka?"

"Ai kin yi. Ki daina aika hoton nan gari-gari, Hadi ya gaya min. Ki tashi ki ci abinci."

Da azumi ya zo ya so ya ɗauka. Sai da liman da kansa ya zo gida ya ce masa ciyarwa ce ta hau kansa, sannan ya haƙura. Ya daina zuwa masallaci sai Juma'a, ita ma a mota. Inna Ma'u tana cewa tsufa ne da zafin gari, in damina ta faɗi zai warware. Duk lokacin da ta faɗi haka a gaban Bara'atu, sai Bara'atu ta sami abin da za ta tashi ta ɗauko.

Wata Laraba da hantsi, cikin zafin bazara, tana goge na'ura bayan ta sallami wata mata, wayarta ta yi ƙara. Hadi ne, ana jin ƙarar injin mota.

"Yaya, ga mu nan tafe. Yana zaune yana gyaran igiya abin ya taso. Ya sa ƙwaya biyu bai lafa ba."

"Yana magana?"

"Kaɗan-kaɗan. Inna tana riƙe da shi a baya."

"Ku jingina shi a zaune, kada ya kwanta. Ku buɗe gilasai. Kun ba shi asfirin ya tauna?"

"Mun ba shi."

"Kada ka kashe wayar."

Ta ruga ɗakin taimakon gaggawa. Cikin minti goma an shirya gado, an jawo tukunyar iskar numfashi, Likita Ismail ya bar masu jiransa ya sauko. Ita ta tura gado mai taya har bakin ƙofar da motoci suke tsayawa, ta tsaya a rana, waya a kunne. Daga Kwandiko zuwa nan tafiyar awa guda ce in hanya ta yi kyau. Tana jin Hadi yana danna oda, tana jin muryar Inna tana cewa "Malam, Malam," tana jin wani numfashi mai nauyi da ta san irinsa. Ta ce a duba leɓensa. Ta ce a taɓa wuyansa a ji ko yana bugawa. Ta ce ya ƙara gudu, sannan ta ce ya yi a hankali. Duk abin da ta iya yana nan a bayanta cikin ɗaki, an jera shi a kan tebur.

Can sai ta ji ƙarar injin ta ragu, ta mutu.

"Hadi, me ya sa ka tsaya? Ku taho."

Muryar Inna kawai take ji, ƙasa-ƙasa, tana maimaita kalmar shahada.

"Hadi."

"Yaya, Inna ta ce mu juya gida."

Ta ci gaba da riƙe ƙarfen gadon. Wani mai acaba ya sauke fasinja ya tambaye ta ko za ta matsa ya wuce. Likita Ismail ne ya zo ya zare hannunta daga ƙarfen, ya sa aka mayar da gadon ciki, ya kira mijinta.

Sun isa Kwandiko kafin azahar. An riga an yi masa wanka, an bar fuskar a buɗe don ita. Ta durƙusa ta yi masa addu'a, maza suka shigo suka ɗauke shi.

Ranar uku da yamma, mutane sun ɗan ragu, ta shiga ɗakin Inna da kwanon kunu. Inna Ma'u tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu. Ba ta karɓi kunun ba. Ta dubi ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta yi magana ba tare da ta kalle ta ba.

"Ke. Kin san haka za ta faru?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

Carbin ya tsaya a hannunta. "Wata tara kina zuwa gidan nan kina cin tuwo da ni."

"Shi ya hana ni. Ya ce ba za ki iya ci ba, ba za ki iya barci ba."

"Haka ne, da ban iya ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Akwai abubuwan da nake ta cewa wata rana zan zaunar da shi in roƙe shi gafara a kansu, shi ma ya roƙe ni. A cikin mota na fara, yana ta neman numfashi. Ban san ko ya ji ba."

Bara'atu ta buɗe baki. Ta so ta ce ya ji, don an ce ji ne yake ƙarshen tafiya. Amma ba ta cikin motar, kuma ta gaji da faɗa wa matar nan abin da ba ta tabbatar ba.

"Ki yafe min, Inna."

"Allah ya yafe mana duka." Ta ja carbin. "Ajiye kunun, zan sha anjima."

Aka yi sallama a tsakar gida. Wasu mata ne daga Kiyako, dangin mijin Bara'atu, sun zo ta'aziyya. Ta ajiye kwanon kusa da ƙafar Inna, ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta fita ta shimfiɗa musu tabarma.